Mai Cin Gajiya

A ofishinmu ba a cewa "marasa lafiya". Shugaba ta hana tun kafin in fara aiki. "Masu cin gajiyar shiri" ake cewa, kuma haka nake rubutawa a kowane rahoto, har yatsuna sun saba suna buga shi ba tare da sun shawarce ni ba. Mutane ne da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar. Ana kawo su cibiyarmu da safe, a gasa musu ƙafa da hannu, a sake koya musu riƙe cokali da sa maɓallin riga, da la'asar direba ya mai da su gidajensu. Ni aikina in nemo kuɗin da za a yi wannan duka. A jikin ƙofata an rubuta "Jami'ar Neman Tallafi". In ka cire kwalliyar, maroƙiya ce mai kwamfuta.

Tsohon gida muka kama haya. Falon shi ne ɗakin motsa jiki, da ƙarafan dafawa a tsakiya da katifun leda a ƙasa. Ɗakin da ya kamata a ce na barci ne, ni da Akanta, mai riƙe lissafin kuɗinmu, muke raba shi, teburinsa yana kallon nawa, fankarmu ɗaya, kuma kullum shi take kallo. Sai sito a baya. A sito kam Allah ya yi mana arziki. Kekunan guragu ne jibge har rufi, wasu ko ledarsu ba a cire ba, kowanne da tambarin wanda ya bayar manne a bayansa. Masu ba da tallafi suna son keke. Keke yana tsayawa a ɗauke shi hoto, ana iya jera shi, ana iya tsayawa a bayansa a yi murmushi. Albashin ma'aikaci kuwa ba ya fitowa a hoto, haka kuɗin wuta, haka hayar gida. Na sha rubuta musu wannan cikin lafazi mai laushi, su amsa mini cikin lafazi mai laushi, sannan su aiko da keke.

Ban taɓa kawowa a raina wata rana zan sa mahaifina cikin masu cin gajiya ba.

Baba masinjan kotu ne har ya yi ritaya. Shi ne yake tsayawa a bakin ƙofar alƙali, da an buga ta ya ɗaga murya ya ce "Kotu!", kowa ya miƙe tsaye. Sunan ya bi shi har unguwa, yaro da babba Baba Kotu suke ce masa. Mutum ne da bai yarda a zauna ba in babba yana tsaye, ko da a talabijin ne. Tun da mahaifiyarmu ta rasu ni da shi muke zaune. Yayana yana wani gari, yana tallafa mana da shawara ta waya. Duk ranar duniya in na dawo daga aiki zan tarar da Baba a kujerarsa ta bakin ƙofa, rediyo a cinya.

"Uwata, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

Haka ake amsawa ko da ƙafafunka sun daina ɗaukarka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba.

Da ciwon ya zo, ya tafi da ɓarinsa na dama, ya haɗa da maganarsa. Ƙafar ta dawo. Masu gashin ƙashi sun yi ƙoƙari, amma taurin kansa ne ya yi rabin aikin. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye keke ya koma sanda, yana zaga tsakar cibiyar yana hararar waɗanda suka yi lalaci. Maganar ce ta ƙi. Yana jin komai, yana gane komai, amma da ya buɗe baki sai kalmar ta maƙale a bayan haƙora. Abin da ya rage masa "to" da "a'a", sai wani gurnani da yake yi in ransa ya ɓaci. Yanzu in na dawo gida hannun hagu kawai yake ɗaga mini. Na yi kewar tambayar nan tasa fiye da yadda zan iya gaya wa wani.

Mutum ɗaya ce take aikin harshe a cibiyarmu, Malamar Magana muke ce mata. Siririya ce, ba ta da hayaniya, kayan aikinta ƙaramin madubi da kwalin hotuna: kofi, takalmi, akuya, ƙofa. Za ta zauna gaban Baba gwiwa da gwiwa, ta nuna masa yadda leɓe yake haɗuwa, ya gwada, ya kasa, ya buga sanda a ƙasa, ta jira ya huce su sake. A hannunta ya samu "ruwa". A hannunta ya samu "zo". Ranar da ya ce "ruwa" na shiga banɗaki na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska, na koma kan rahoto.

Ta taɓa yi mini bayani muna tsaye a baranda.

"Anti, kalmomin suna nan, ba su ɓace ba. Wadda baki ya saba da ita sosai tana iya kuɓucewa da kanta, ba tare da mutum ya neme ta ba. Wadda yake nema da gangan ita ce take ɓuya. Ni hanyar neman nake gyarawa."

Ana cikin haka gidauniyar da take biyan albashinta ta sanar da mu cewa ta "sauya alƙibla". Bana matasa take yi da sauyin yanayi. Ta gode mana da kyakkyawar alaƙa. Kwamitin amintattu ya zauna, aka sha lemo, aka jajanta wa juna, aka yanke cewa in ba a samu madadi ba, aikin magana ne zai fara tafiya. Ita kuma Malama wani asibitin kuɗi ya daɗe yana zawarcinta. Ta ce za ta jira mu zuwa ƙarshen wata mai zuwa, daga nan ba ta da bakin ce musu su ƙara haƙuri, tana da ƙanne a makaranta. Ban ga laifinta ba. Na dai san in ta tafi, Baba zai tsaya a "ruwa" da "zo".

Na rubuta wa wanda na sani da wanda ban sani ba. Na yi zaman jira a ofisoshi har masu gadi suka fara tambayata mutan gida. Wasu suka ce an rufe kasafin bana. Wasu suka ce ba a buɗe na baɗi ba. Wani manaja mai kirki ya saurare ni har ƙarshe, idonsa ya yi ja, ya ce dokarsu ta hana biyan albashi, amma suna da kekuna.

Shugaba tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Wannan ciwon ne ya kashe mijinta, shi ya sa ta kafa cibiyar, kuma dukanmu Mama muke ce mata. Ba muguwa ba ce. Yawan roƙo ne ya koya mata dabara. Ta kira ni ofishinta, ta cire tabarau ta ajiye.

"Taro za mu yi a otal. Mai kamfanin fentin nan ya yarda zai zo a matsayin babban baƙo."

"Mama, taro kuɗi yake ci."

"Sun ba mu ɗakin kyauta, ruwa kawai za mu saya. Ki saurare ni, 'yata. Mutanen nan ba sa sa hannu a aljihu don an karanta musu rahoto. Sai zuciya ta motsa, kuma zuciyar mai kuɗi ta ido take motsawa. Za mu shigo da Baba Kotu a keke."

"Baba ya bar keke tun bara."

"Ai a gabana ya bari. Za a ajiye shi a gaba. In lokaci ya yi, mai gabatarwa ya ba da labarinsa, sai ya miƙe ya tako wurinki. Ɗaki zai ɗauki tafi. Ke kuma ki miƙa masa abin magana, ya gwada, ya kasa, ki ce ƙafa ta tashi, saura harshe. A nan za ki roƙi albashin Malama."

"Wannan ai wasan kwaikwayo ne."

"Wanne ne ƙarya a ciki? Bai zauna a keke ba? Bai tashi ba? A nan ya tashi, a hannunmu. Ranar kawai muka matsar don su samu gani."

Na so in yi musu, amma dabarata ta riga ta ƙare, kuma abin da ta faɗa game da ido gaskiya ne, shaidarsa tana sito. Na ce sai in Baba ya yarda. A raina ina fatan zai ce a'a ya hutar da ni.

Da yamma na zauna kusa da shi na zayyana masa komai. Na ce shi ne mai cin gajiyar da za a nuna wa baƙi. Ya ɗaure fuska. Ya nuna ƙirjinsa, ya kai hannu baki kamar mai cin abinci, sannan ya nuna ni. Sai da ya maimaita na gane tambayar: gajiyarki nake ci?

Na yi dariya. "A'a, Baba. Haka dai ake cewa a takarda. Wanda ya amfana ake nufi."

"To," ya ce, irin "to" ɗin da yake yi wa mai bayanin da bai gamsar da shi ba.

"In ba a samu kuɗin ba, Malama za ta tafi."

"A'a."

"Shi ya sa ake so ka koma keke na yini ɗaya."

Ya daɗe yana kallon sandarsa. Na san abin da ya sha kafin ya rabu da keken nan, ni nake shafa masa man zafi a gwiwa. Daga baya ya jingine sandar a bango ya ce, "To."

Abin mamaki, gwajin ya yi masa daɗi. Mutum ne da ya saba a ba shi aiki ya yi shi daidai, kuma ya daɗe ba wanda ya ba shi aiki. Bayan an tashi daga aiki, Akanta zai naɗe jarida ya mai da ita abin magana, ya yi muryar mai gabatarwa, Baba yana zaune a keke yana jiran alama. Da farko zumbur yake miƙewa.

"Baba Kotu, a hankali," in ji Shugaba. "Ba kunama ce ta harbe ka ba. Ka dafa, ka ɗan yi rawar gwiwa, ka koma, sannan ka tashi."

Ya koya. Har ƙari ya riƙa yi, yana cije leɓe yana kallon sama, Akanta yana dariya har da riƙe ciki. Ɓangaren kasa magana ne kaɗai ba mu gwada ba, don ba ya bukatar gwaji. Malama ba ta zauna a gwajin ko sau ɗaya ba. Abu ɗaya ta ce mini.

"Anti, kar ku daɗe da abin maganar a bakinsa. Kasawa a gaban mutane tana mai da aiki baya."

Ranar Asabar da rana aka yi taron. Ɗakin otal ɗin sanyi kamar cikin firji, kujeru sanye da farin ƙyalle, an rataya hoton cibiyarmu wanda aka ɗauka ta gefen da bangon bai tsage ba. Mai gabatarwa wani ɗan gidan rediyo ne da ya zo mana kyauta, muka ba shi takardar abin da zai karanta. Mutane sun zo ba laifi: 'yan kasuwa, matan manya, wakilan bankuna, da waɗanda duk taron da aka yi a garin sai ka gan su. Baba yana gaba a gefen layi, cikin fararen kayansa da na goge da asuba, Shugaba ta lulluɓa masa bargo a gwiwa. Sandarsa tana ƙarƙashin teburina. Babban baƙo ya makara kamar yadda manyan baƙi suke yi, muka yi ta zama ana sa mana kiɗa.

Can sai wani cikin 'yan rakiyarsa ya buga ƙofar gefe da ƙarfi don a buɗe. Mai gabatarwa ya zabura ya ce, "Jama'a, mu miƙe mu tarbi babban baƙonmu."

Kafin kowa ya gama tura kujerarsa baya, Baba ya yaye bargon, ya miƙe ƙyam, ƙafafu a haɗe, ƙirji a gaba.

"Kotu!"

Muryar ta cika ɗakin ba tare da abin magana ba. Ita ce muryar da nake ji tun ina yarinya, wadda rabona da ita tun ranar da ya faɗi. Abin da na fara ji farin ciki ne, tsantsarsa. Sai da na ga fuskar Shugaba sannan na tuna inda muke.

Aka yi tsit, sai dariya ta fashe daga baya ta taho gaba. Mai Fenti, gajeren mutum mai fara'a, ya zo wucewa ya tsaya. Ya dubi keken, ya dubi Baba a tsaye, ya miƙa masa hannu.

"Sannu, Baba. Zauna abinka."

Baba bai zauna ba sai da ya ga babban baƙo ya zauna. Sannan ya koma keke, ya jawo bargon ya rufe gwiwarsa da kansa. A lokacin ne ya waiwayo ya dube ni, na ga ya gane abin da ya faru.

"Je ki gaya wa mai gabatarwa ya tsallake labarin keken," Shugaba ta raɗa mini. "Mu tafi kai tsaye ga maganar harshe."

Na lallaɓa na gaya masa a kunne. Ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane, Anti," idonsa yana kan babban tebur. Bai gane ba. Da aka zo wurin, ya sassauta murya kamar mai sanar da rasuwa, ya karanta takardar yadda muka rubuta ta: ga wani bawan Allah, mai cin gajiyar wannan shiri, wanda ciwo ya ɗaure a keke, yau za ku ga abin da taimakonku yake iya yi.

Aka fara ƙunshe dariya. Na yi wa Baba alama da hannu ya bari, amma shi an ba shi aiki. Ya dafa hannun keken. Ya yi rawar gwiwa. Ya koma ya zauna, ya cije leɓe ya kalli sama, sannan ya tashi a hankali, daidai yadda aka koya masa. Ɗakin ya ɗauki tafi kamar yadda Shugaba ta ce, har da fito. Wata mata tana share hawaye, amma na dariya ne.

Na miƙa masa sandarsa, ya tako ya tsaya kusa da ni. Na karɓi abin maganar. Na ce gaskiya ne ƙafar ta daɗe da warkewa, a cibiyarmu ta warke. Na ce wannan mahaifina ne. Na ce abin da bai warke ba harshe ne, kuma mai koya masa magana za ta tafi in ba a samu albashinta ba. Na roƙe shi ya ce musu "na gode", su ji da kunnensu.

Ya kama abin maganar da hannun hagu. Ya buɗe baki. Leɓensa ya karkace, wuyansa ya yi jijiyoyi, wani sauti ya fito wanda lasifika ta ƙara masa muni. Ya sake gwadawa. Daga bayan ɗaki wani ya ce "Kotu!" cikin kwaikwayon muryarsa, aka sake kwashewa.

Mai Fenti ya jawo nasa abin maganar yana murmushi. Ba da mugunta ya yi ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

"Baba, saki jikinka ka yi magana. Ai mun ji muryarka ɗazu, ta fi ta mai gabatarwa."

Baba ya sake gwadawa. Yawu ya zubo ta gefen bakinsa ya sauka a farar rigar. Ban ga tasowar Malama ba, sai ganinta na yi a tsakaninmu. Ta zare abin maganar daga hannunsa ta ba ni, ta share masa baki da hankicinta, ta kama gwiwar hannunsa suka fita ta ƙofar gefe. Ni kuwa na tsaya na faɗi jimlar da aka ba ni, ƙafa ta tashi, saura harshe. Ko ni da na faɗa ban ji ta shige ni ba.

Mai Fenti ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce ya daɗe bai yi dariya irin ta yau ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san talla, bai ga laifinmu ba ko kaɗan, kowa da yadda yake jawo mai saye. Ya ce batun albashi ba tsarin kamfaninsa ba ne, kuma dai ga alama Baba ya kusa sallamar malamarsa. Amma ba zai tafi haka ba. Zai ba cibiyar sababbin kekuna, kuma zai sa a yi mata fenti ciki da waje. Aka tafa. Sauran baƙi suka bi sahunsa da alkawura irin waɗanda ake yi a gaban lasifika.

Na bi shi har mota ina ɗan gudu da takalmi mai tsini.

"Ranka ya daɗe, wallahi da gaske ne ba ya iya magana. Kalmar nan kuɓuce masa ta yi, aikinsa ne na shekaru."

"Na ji, 'yata, na ji. Ki rubuto."

Na rubuta. Kekunan sun iso kafin amsa, amsar kuwa har yau ba ta iso ba. Sito ya ƙi ɗauka, aka jera su a baranda, sai mutum ya karkace yake wucewa. Masu fenti suka zo suka shafe gidan da launin kamfanin, warin ya hana masu cin gajiya zaman falo na kwanaki.

Shugaba ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Na same ta a ofis ta cire takalmi ta ɗora ƙafafu a kan kwali, sun kumbura.

"Komai na lissafa," ta ce. "Har inda mai hoto zai tsaya. Kotun ce kawai ban lissafa ba."

Yayana ya bugo ya ce ya ga abin a waya, wani ya ɗauka ya yaɗa. Ya ce da an shawarce shi da ba a yi haka ba. Na ce masa gaskiya ne, na kashe.

Baba ya daina zuwa cibiya. In direba ya zo, sai Baba ya ce "a'a", ya juya fuska bango. Daga baya ko "a'a" ɗin ya daina, "ruwa" ma sai dai ya nuna kofi da hannu. In na dawo ba na tarar da shi a bakin ƙofa. Abin da Malama ta gargaɗe ni a kai shi ne ya faru, kuma ba ta taɓa tuna mini ba. Sai ta fara biyawa ta gidanmu in ta tashi daga aiki, ba wanda ya sa ta, ba wanda zai biya ta. Ni lokacin ina ofis ina rubuta wa Mai Fenti wasiƙar godiya da rahoton yadda kekunansa suka sauya rayuwar al'umma. Sai dai in na koma in ga kujeru biyu suna fuskantar juna a tsakar gida.

Ranar ƙarshen wata ta shigo ɗakinmu ta yi mana sallama. Akanta ya juya mata fankar. Na raka ta bakin titi, muna ratsa kekuna.

"Na bar masa madubin da hotunan," ta ce. "Anti, abu ɗaya zan roƙe ki. In ya fara magana, ko kin san abin da zai ce, kar ki ƙarasa masa. Ki jira."

Na ce to. Na so in gode mata yadda ya kamata, amma duk kalmomin godiyar da na sani na riga na ƙarar da su a kan masu keke.

A ranar ban tsaya dogon aiki ba, na isa gida rana ba ta faɗi ba. Tun daga kan kwana na hango shi a kujerarsa ta bakin ƙofa, ya sa hula. Ba rediyo a cinyarsa, madubin ne da kwalin hotuna. Na gaishe shi zan wuce ciki.

"Zo."

Na dawo na tsaya, jaka a kafaɗa. Ya ɗaga madubin ya duba bakinsa, ya sauke. Ya ja numfashi.

"U... wa... ta."

Na riƙe ƙyauren ƙofa.

"I... na..."

Ya tsaya. Leɓen ya karkace, jijiyar wuyan ta tashi. Na san abin da ke tafe, yana kan harshena, da na so da na ba shi ya huta. Na cije baki. Wata mota ta wuce, maƙwabciyarmu ta leƙo ta koma. Ya sake duban madubin, ya fara daga farko, ya sake maƙalewa a wuri ɗaya, ya buga ƙafa a ƙasa. Na jira.

"Ina... ga... ji... ya?"

Amsar ta taho da kanta har bakin haƙorana, irin kalmar nan da Malama ta ce tana kuɓucewa ba a neme ta ba. Na tare ta. Mutumin da ya sha wannan wahala ya yi tambaya bai kamata a sallame shi da amsar kowa da kowa ba.

"Akwai, Baba," na ce. "Wallahi akwai gajiya."

"To," ya ce.

Ya nuna mini dakalin da ke gefen kujerarsa. Na sauke jakar na zauna, na jingina kaina da gwiwarsa, wadda nake shafa wa man zafi. Ya ɗora hannun hagu a kaina ya bar shi a nan. Mun daɗe a haka, ba wanda ya nemi wata kalma.

Da ya ga na ɗago, sai ya ɗauki madubin ya ajiye a cinyata, ya turo kwalin hotunan da yatsa. Na share fuskata da gefen mayafi, na shiga na jawo ɗaya kujerar, na zauna gabansa gwiwa da gwiwa. Na buɗe kwalin na ciro hoton da ke sama. Kofi ne.